Arlo Bai Iya Ruwa Ba

Orland Mills,
Farkon Satumba.

Zuwa ga yayata Corinne,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Baba? Ina fatan yana shan maganinsa ba sai an kai ruwa rana ba. Ki shafa mini kan Josie, ki ce mata hular da nake saƙa mata ta kusa.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Na ɗaga wayar na ajiye ya fi a ƙirga. Maganar ce ta ƙi fita ta baki. Corie, Arlo bai iya ruwa ba. Mijina, wanda aka haifa a gidan da tagarsa ke kallon kogin Wapena, ko tafkin bayan gidanmu da muka riƙa hayewa muna yara ba zai iya shiga ba. Ni kuma da bakina na miƙa sunansa a gaban mutanen gari, cewa shi ne zai fara faɗawa sabon gangaren ruwan da suke ginawa.

Bari in faro miki daga tushe. Kin tuna tsohuwar madatsar ruwan nan ta tsakiyar gari? An fasa ta a watan Yuli. A gurbinta ake jera manyan duwatsu hawa-hawa, domin ruwa ya gangaro ya yi tozo da kumfa, masu ƙananan kwale-kwale su zo su yi wasa a kai. An tare kogin da gangar ƙasa an karkatar da shi gefe guda, cikinsa ya bushe, Arlo na ciki da katafilarsa. Sai ki ga ya ɗauko dutse kamar ɗakin girkinmu ya ajiye shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Kullum da rana nakan kai masa abinci, in zauna a kan gada da littafina, in karanta layi biyu in ɗago in kalle shi. A raina ba shi da maraba da jaruman da nake karantawa, sai ma abin da ya fi su.

Masu irin wannan gini suna da al'adarsu. Kafin a bar kwale-kwale ko ɗaya ya shiga, sai ɗaya daga cikin waɗanda suka jera duwatsun ya sa rigar ceto da hular kwano ya bi ruwan da jikinsa, don a ga cewa gangaren yana tofar da mutum, ba ya riƙe shi. Vern, shugaban ma'aikatan, shi ya bayyana haka a taron da aka yi a ɗakin taron cocinmu, ana shan kofi ana cin kek ɗin tuffa. Ya ce yaransa da ya zo da su daga wani gari sun saba, ko wanne zai iya. Sai magajiyar gari ta ce, da dai a samu ɗan gari ya yi, ai da abin ya fi armashi.

Ɗakin ya yi tsit. Maza sun cika kujeru, kowa ya sa ido a kofinsa. Ni kuwa na ɗauka kawaici ne, kowa na jiran a roƙe shi. Zuciyata ta riƙa bugawa kamar a daidai shafin da jarumi ke miƙewa. Da na ga Arlo bai miƙe ba, sai na miƙe masa. Na ce, "Ga Arlo Petrak nan. Shi ya jera duwatsun, kuma a kogin nan ya girma."

Ban taɓa jin tafi irin wannan ba. Tsofaffi suka riƙa dukan kafaɗarsa. Shi dai murmushi ya yi, har muka iso gida bai ce uffan ba, na ɗauka daɗi ne ya rufe masa baki.

Jiya na je taya surukata Lorna dafa tumatir na ajiyar hunturu. Muna tsaye a kan tukunya sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Nadine, yaushe kika koya masa?"

Na ce, "Koya masa me?"

Ta ce, "Ruwa mana. Duk gari an ce ke kika koya masa a tafkinku na Minnesota."

Na ce ai ni na ɗauka da iyawarsa na same shi. Ludayin ya suɓuce mata cikin tukunya. Ta jawo kujera ta zauna, ta daɗe tana kallona kamar na zo mata da saƙon mutuwa.

A nan na ji abin da shekara biyu ina garin nan ba wanda ya gaya mini, don a wurinsu ba labari ba ne. Ba ɗan Orland Mills da ya iya ruwa. Madatsar nan ta ci mutane da yawa, ruwan da ke ƙarƙashinta juyawa yake yi, in ya kama mutum ba ya saki. Ƙanen Lorna yana cikin waɗanda ta ci. Ga ƙazantar mayanka da ake zubarwa ciki a da. Saboda haka duk yaron da ya dawo gida da jiƙaƙƙen wando, bulala ce abincin darensa. Suna kamun kifi daga kan gada, suna ɗaurin aure a bakin ruwan, amma ba sa taka shi. Tafin da suka yi, sun ɗauka ne matar da ta zo daga ƙasar tafkuna ta karya musu abin da ya gagari iyayensu. Su suna zaton ni na koya masa, ni ina zaton su suka koya masa.

Sai yanzu nake tuna zuwanmu gida bara, yadda kullum in za mu tafki sai ya ce bayansa na ciwo, ko zai taya Baba gyaran mota. Kin ma yi masa tsiya a kai, kin tuna?

Tsakiyar Oktoba za a saki ruwan. Ban yi masa maganar ba tukuna. Ga shi can yana wanke kwanuka yana fito. Kada ki gaya wa Baba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Nadine


Orland Mills,
Ƙarshen Satumba.

Yayata Corinne,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na gode da ba ki yi mini faɗa da yawa ba, ko da yake na ga inda kika danne alƙalami har takarda ta huje. Na ji daɗi da ƙafar Baba ta yi sauƙi. Yaya makarantar yara?

Na yi yadda kika ce, na tare shi. Na zaci zai musa, ko ya yi fushi, ko ya durƙusa ya riƙe hannuna ya ba ni wani dogon labari mai sa kuka. Ko ɗaya bai yi ba. Yana cire takalmin aiki ya ce, "Eh, ban iya ba. Ai da rigar ceto za a shiga."

Na ce, "Shi ke nan abin da za ka ce? Shekara biyu muna kwana ɗaki ɗaya."

Ya ce, "Ba ki taɓa tambaya ba, Nadi. Ke kin riga kin rubuta ni a kanki tun kafin mu gaisa. Ni kuma wanda kika rubuta ɗin ya burge ni, sai na ƙyale shi."

Corie, da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Na roƙe shi ya janye. Ya ce in je shagon kofi da safe in ji. Na je kuwa. Yana shiga suka ɗauka, "Ga Tarwaɗa nan, a ba shi wuri kada ya bushe." Wani tsoho ya ce, "Petrak, in ka gamu da haƙoran robana a ƙasan ruwan ka taho mini da su, tun zamanin kakanka suka faɗa." Mai shagon ta ƙi karɓar kuɗin kofinsa. Vern ma Tarwaɗa yake kiransa yanzu a wurin aiki. Amma ba tsiyar ce ta ɗaure shi ba. A mota ya ce mini, "Kogin nan ya ci kawuna. Kowane dutse da na ajiye, na ajiye shi ne don kada ya sake cin wani. In baƙo ya shiga ya fito, matan garin nan za su ce ai baƙo ne. In ni na shiga na fito, za su bar 'ya'yansu. In kuwa na ja da baya, mun gina wa 'yan yawon buɗe ido wurin wasa ke nan, namu yaran suna leƙe daga kan gada kamar yadda muka yi."

Me zan ce da wannan? Irin maganar da nakan ja wa layi a littafi ce, amma da na ji ta a bakin mijina sai ta ba ni tsoro.

Injiniyar da ta zana wurin, Hollis, mace ce 'yar siririya da ta ƙare ƙuruciyarta a cikin kwale-kwale. Ta ba shi doka ɗaya tak. Ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba a sama har ya riƙa ganin yatsunsa, ya bar ruwa ya kai shi. Ko me zai faru kada ya yi ƙoƙarin tsayawa. Ta ce ruwa mai gudu ba zurfinsa ke kisa ba. Mutum ya sa ƙafa ƙasa, ƙafar ta shige tsakanin duwatsu, ruwa ya tura shi rub da ciki, shi ke nan, ko da ruwan iya ƙugu ne.

Saboda haka ranar Lahadi bayan coci muka tafi wani masauki a garin gaba, inda ba wanda ya san mu, muka biya kuɗin shiga wurin ninƙayarsu. Na tallafi bayansa da hannu biyu kamar yadda Mama ta yi mana. Mutumin da ke juya dutsen da ya fi mota nauyi, sai ga shi yana ƙanƙame wuyana. Yana kwantawa lafiya lau har ruwa ya taɓa kunnensa. Da ya taɓa, sai ƙafafun su sauka da kansu suna neman ƙasa. Mun koma Lahadin da ta biyo, mun sake komawa. Ko sau ɗaya bai kwanta ya daɗe ba. Ya ce, "Ba ni nake yi ba, ƙafafun ne ba sa jin magana." Yana dariya, leɓensa kuwa ya yi fari.

Na ce zan gaya wa Hollis. Nan ne ya daina dariya. Ya ce in na faɗa za ta hana shi, gari ya ji, shi kuma ba zai sake iya ɗaga kai a Orland Mills ba. Ya sa na yi masa alkawari. Na yi.

Shekaranjiya na karya shi. Na sami Hollis a bakin aiki tana cin burodi a bayan motarta, na gaya mata komai. Ta daina tauna. Ta ce, "Bai iya ba sam, ko bai ƙware ba?" Na ce sam. Ta dubi wajen katafilar ta yi wata ashar da ba zan rubuta miki ba. Sannan ta ce ta san irinsa, in ta hana shi a gaban jama'a zai shiga shi kaɗai ranar da ba kowa, gara ya shiga tana kallo. Za ta rage ruwan da za a saki, ta shimfiɗa doguwar igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan a ƙasan gangaren, da mutane riƙe da ita. Ta ce, "Ke ma za ki riƙe. Tunda ke kika jefa shi, sai ki taya mu jawo shi."

Ban sani ba ko daidai na yi. Yanzu da ni da shi kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abu, muna cin abinci muna hirar masara da farashin mai. Littafin da na faro tun Agusta yana nan a kife, na kasa ci gaba. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Nadine


Asibitin gunduma,
Tsakiyar Oktoba.

Corie,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da yara, da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, tafin hannuwana duka a naɗe suke da bandeji. Abin da kike son ji shi zan fara faɗa: yana da rai. Ga shi nan kusa da ni yana barci, ƙafarsa ta hagu a cikin filasta.

Ranar Asabar aka yi. Gari kaf ya fito, gada ta cika, 'yan makaranta da gangunansu, ana gasa masara da tsiran alade. Lorna ta ce ba za ta zo ba, amma na hango ta can nesa a jikin wata bishiya da kayan cocinta. Aka buɗe gangar ƙasar, ruwa ya shigo sabuwar hanyarsa, da fari jaja-jaja da laka, daga baya ya washe. Ya hau duwatsun Arlo ya yi tozo fari fat. Ban taɓa ganin abu mai kyau da na tsana kamarsa ba.

Ya fito da hular kwano da rigar ceto, ana ta kiran Tarwaɗa. Da ya hango igiyar, ya hango ni riƙe da ita cikin mutanen Hollis, sai ya tsaya ya dube ni. Na san ya gane. Ya juya ya shiga.

Gangare na farko ya wuce shi daidai, a kwance, ina ganin tafin takalmansa. Na biyu ya dulmiya shi ya tofo shi, mutane suka ɗauki sowa. A tsakanin na biyu da na uku akwai wuri mai ɗan faɗi da ruwan bai wuce ƙirji ba. A nan kumfa ta rufe masa fuska. Na ga takalman sun ɓace. Ya miƙe tsaye, Corie. Har ya ɗaga hannu ɗaya, 'yan kan gada suka zaci gaisuwa ce suka ƙara tafi. Sai ruwan ya kifar da shi gaba, bai kuma tafi ba. Yana nan wuri ɗaya, bayan hularsa kawai ake gani, ruwa na bi ta kanta.

Ganguna ba su daina ba, don masu kiɗan ba su gane ba. Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai.

Hollis ta busa usur. Mu na wannan gaɓa da na waccan muka ruga da igiyar muka yi sama da ita, ta bi ta ƙarƙashin ƙirjinsa, muka ja. Ban san ruwa na da nauyi haka ba. Igiyar ta riƙa zamewa tana cin hannuna. Kansa ya ɗago, ya ja numfashi, ya koma. Vern na ihu, "Ku ja, ku ja, kada wanda ya saki." Sai na ji an kama igiyar a bayana da ƙarfi. Lorna ce, ruwa har gwiwarta, da takalman coci. Bayanta kuma ga mutanen shagon kofi suna gangarowa, mutanen da ba su taɓa jiƙa ƙafa a Wapena ba, har da tsohon nan mai haƙoran roba. Muka ɗago shi, fuskarsa ta fita daga ruwa ta zauna a waje. Hollis ta bi igiyar ta isa gare shi, ta nutse, ta sake nutsewa, ta fizgo ƙafar ta baya. Daga inda nake na ji ƙarar ƙashin.

Da aka kwantar da shi a kan ciyawa ya amayar da ruwa, abin da ya fara cewa shi ne, "Vern, dutsena ne. Mai faɗin nan. Akwai rami a ƙarƙashin leɓensa, kankare bai shiga ba."

Jiya Hollis ta zo duba shi. An sake tare ruwan, sun sami ramin, daidai shigar ƙafa. Ta zauna a bakin gado fuskarta ba jini. Ta ce wurare da yawa ta gina, kullum gwanaye ne ke bin ruwan, su wuce a kwance, a ce lafiya. Da ɗaya daga cikin yaran Vern ne ya shiga, da ya wuce ta kan ramin bai san da shi ba, a buɗe wurin, sai ranar da wani yaron garin nan ya tsorata ya miƙe tsaye, ba igiya, ba kowa. Ta ce yanzu za su bi ƙasan wurin kaf da sanda da hannu kafin a sake sakin ruwa. Arlo ya ce, "To kin ga amfanin jahili." Ba wanda ya yi dariya sai shi, ita ma ta tsaya masa a haƙarƙari.

Kada ki ɗauka wannan ya sanyaya mini rai. Mutane na ta kawo furanni da abinci suna cewa jarumi, ni kuwa in na rufe ido bayan hular nan nake gani.

Da kowa ya watse na ce masa, "Ni na gaya wa Hollis." Ya ce ya sani. Na ce, "Ba zan ba ka haƙuri ba." Ya dubi silin. Sannan ya ce, "Yanzu wa ya san ban iya ba?" Na ce duk wanda ke da ido a Orland Mills. Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa, ban tantance kuka ne ko dariya ba, ban kuma tambaya ba.

Sai ya ce wai a watan Mayu, ranar buɗe wurin, zai sake shiga, don bai gama gangare na uku ba. Corie, ban san ina da irin muryar da ta fito daga bakina ba. Na ce ba zai taka ko gaɓar kogin nan ba sai ranar da ya kwanta a kan ruwa, kunnuwansa a ciki, ya zauna a haka har sai ni na ce ya tashi. Ba kuma a ɓoye a garin wasu ba, a nan, a wurin ninƙaya na makarantar sakandare, gaban duk mai son kallo. In Mayu ta zo bai iya ba, sai wata Mayun.

Na jira gardama. Ya dubi hannuwana, ya dube ni, ya ce, "To."

Likita ya ce sai bayan Kirsimeti za a cire filastar. Yanzu kya iya gaya wa Baba, amma ki fara da cewa yana da rai. In kin sami hali ki zo, ina bukatar wanda zai wanke mini gashi, hannuwan nan ba sa taɓa ruwa tukuna.

Ki gaida maigidanki, ki rungume mini yara.

Ƙanwarki,
Nadine Petrak